Rubutun Bangon Marina

Idan ka girma a unguwarmu ta bakin kogin Wupper, to da rubutun Ottilie Brackmann ka koyi karatu, ko ka sani ko ba ka sani ba. Allon gidan burodi aikinta ne, na mai gyaran takalma aikinta ne, har lambobin da ke ƙofar gidajenmu. Mu dai mun tarar da ita ta manyanta, gajeruwa mai faɗin kafaɗa, kullum cikin rigar aiki da ta sha fenti, da sigari a gefen baki wanda sau da yawa ma ba a kunne yake ba. Faɗa kuwa ba a magana. Ka kuskura ka jingina kekenka a allon da bai bushe ba, ranar za ka ji tarihin kakanninka. Yanzu yara 'yan jami'a kan zo unguwar suna cigiyar jarumar da ta tsaya wa mulkin Hitler, kuma na tabbata da tana raye da buroshi za ta raka su waje.

Ubanta marini ne a babbar marinar da ke zuba ruwanta cikin kogi, yau ja, gobe shuɗi. Tururin rini ya cinye masa huhu tun Ottilie ba ta gama firamare ba. Uwarta ta riƙe su da wankau, ita da yayanta Konrad. In ba don yaƙi ba, da Ottilie ma wankau ɗin za ta gada, don a zamanin babu mai ba mace buroshin rubutu. Amma soja ya kwashe maza, ya kwashe har ma'aikatan Ewald Dornseif mai rubuta allunan shaguna, ya bar tsohon shi kaɗai da tsani da gwangwanaye. Uwarta ta ja ta har shagon tana da shekara goma sha biyar. Dornseif ya dube ta sama da ƙasa, ya miƙa mata alli, ya ce ta ja layi a ƙasa. Ta ja.

"Mace dai," in ji shi. "To ya na iya. Gobe da safe, kuma ki ɗaure gashin nan."

Shekarar farko wankin buroshi ne da niƙan fenti da shan faɗa. A ta biyu ya fara barinta ta cike haruffan da ya zana. A ta uku ita ke zanawa, ita ke cikewa, shi yana tsaye a bayanta yana gunaguni. Ba alheri ne ya sa ya sakar mata ba. Hannunsa ne ya soma rawa, rawar da ya kwaso tun yaƙin duniya na farko, ta yi ta ƙaruwa har ya zama ko kofi sai ya kama da hannu biyu. Daga shi sai matarsa Hermine sai Ottilie suka san haka. A waje kullum hannun daman yana cikin aljihun riga, mutane suna cewa isa ce irin ta tsofaffin masu sana'a.

A sana'ar nan akwai ƙa'ida, kuma ba Dornseif ya ƙirƙiro ta ba. Ɗan koyo ba shi da suna sai ran da ƙungiyar masu sana'a ta yaye shi. Duk allon da ya fita daga shago, sunan mai shagon ake sawa a kusurwar ƙasa da ƙananan haruffa, ko da mai shagon bai taɓa shi da ɗan yatsa ba. Don haka Ottilie za ta kwana biyu a kan allo, wuyanta ya sage, ta gama, sannan ta ɗauki siririn buroshi ta rubuta “E. Dornseif”. Abin yana ci mata rai ƙwarai. Ran da aka ɗaga allon gidan burodi, wanda ta fi alfahari da shi, mai burodin ya riƙe hannun tsohon yana ta yabo, ita kuwa aka ba ta ɗan gutsuren waina kamar yarinyar da ta rako.

"Maigida, ko harafi ɗaya na sunana ba za a sa ba?" ta tambaya a hanyar komawa.

"Sunanki? Wa ya san ki?"

"Ai ni na yi."

"Ke kika yi, ni zan amsa. In fentin ya ɓare baɗi, ƙofar wa za a buga? Ɗauki tsanin nan da kyau, kina jan sa a ƙasa."

Ran Lahadi ce kawai tata. Yaran unguwar da suka ƙi shiga ƙungiyar matasan jam'iyyar Hitler sukan haɗu su hau tsaunuka, da riguna masu gida-gida da jita guda wadda igiyarta ɗaya ta tsinke. Ba 'yan siyasa ba ne, kada wani ya yi maka ƙarya. Sun dai gaji da maci da ihu da ɗaga hannu irin na gaisuwar jam'iyyar, sun gaji da wani yaro sa'arsu ya tsare su a hanya yana tambayar ina za su don kawai an ɗaura masa ɗamara. In suka yi kiciɓis da masu ɗamarar a daji akan ba hammata iska, wani lokaci su yi nasara, wani lokaci su dawo da kumburarren baki. Babban bakinsu shi ne Jupp Hasenkamp, ɗan koyo a maƙerar ƙusa, dogo, mai kunnuwa kamar marfin tukunya, wanda yake kiran Ottilie “Malama Fenti” don ya ga ta hasala.

Labarin Konrad ya zo a farkon hunturu. Wani jami'in unguwa ya kawo shi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce yaron ya faɗi a fagen daga can gabas saboda ƙasarsa, ya ce ya kamata uwar ta yi alfahari. Uwar ta ce ta gode, ta rufe ƙofa, ta koma kan bahon wanki, ta ci gaba da cuɗa rigar wani har fatar hannunta ta saluɓe. Ottilie ba ta yi kuka ba. Haushi ne ya cika ta, irin wanda ke hana mutum cin abinci.

"Kuna ta waƙa a daji kamar tsuntsaye," ta ce wa Jupp ran Lahadin da ta biyo. "Wa ke jin ku? Itatuwa?"

"To Malama Fenti, me kike so a yi?"

"Bangon marina. Duk mai jiran taragon cikin gari yana kallonsa."

Jupp ya dube ta. Can ya ce shi zai riƙe tsani.

Ba su jira duhu ba, don da duhu ne masu sintiri suke yawo. A lokacin jiragen yaƙi sun fara zuwa har da rana, kuma da zarar jiniya ta yi kuka kowa sai ya faɗa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, titi ya zama wayam, ko kare ba ka gani. Wata ranar Talata da hantsi jiniya ta tashi Ottilie tana hanyar kai aiki da amalanken shago, tsani da farin fenti duk suna ciki. Jupp ya sulale daga layin 'yan maƙera ya same ta a gindin bangon.

Nan fa ta yi abin da ya jawo komai. Duk wani mai hankali da zai dangwala buroshi ya yi kwasa-kwasan haruffa ya ruga. Ottilie sai ta shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa don kada fenti ya ɗiga a kan daɓen gwamnati. Ta ciro zare, ta goga masa alli, ta ba Jupp bakin ɗaya.

"Ke, kina hauka ne? Aikin kwangila aka ba ki?"

"Ja zaren ya miƙe."

"Ki yi jagwalgwalo kawai mu tafi, don Allah."

"Ban iya ba," in ji ta. Kuma gaskiyarta ke nan. Shekara uku ana dukan hannunta a kan karkataccen layi, hannun ya manta yadda ake ɓata aiki.

Ta buga layi biyu, ta auna tazara, ta hau tsani. Can nesa wajen birnin Düsseldorf ana jin ƙasa tana girgiza, Jupp yana ta zagi ƙasa-ƙasa. Ta rubuta: 'YA'YANKU NE KE MUTUWA. KU CE YA ISA. Haruffa farare tas, kowanne tsayin hannu, a tsaye kamar an buga su da inji. Ta sauko, ta naɗe buhunta, ta goge bakin gwangwani, suka rabu kafin jiniyar sallama. A ranta ta ji daɗi, daɗin da rabonta da shi tun kafin labarin Konrad.

Mutane suka fito daga ramuka suka tarar da rubutun. Ba wanda ya tsaya, ba wanda ya nuna da yatsa, amma kowa ya rage sauri. Kafin la'asar an kewaye wurin da igiya an rataya tsumma a kai.

Washegari Dornseif ya shigo shago a makare. Bai yi gaisuwa ba. Ya nufi kantar kayan aiki, ya ɗauko gwangwanin farin fenti, ya buɗe, ya daɗe yana kallon inda fentin ya sauka. Ottilie tana wanke buroshi. Tana jira ya fashe da faɗa, sai ta ga ya tsoma babban yatsansa a ciki ya shafa a bakin hannun kwat ɗinsa ta fita, ya shafa kaɗan a gefen takalmi. Ya rufe gwangwanin ya mayar.

"Maigida, kwat ɗinka..."

"Ki ji da abin da ke gabanki."

Ba ta gane ba sai da mutanen suka zo. Su biyu ne, 'yan sandan ciki, cikin dogayen riguna, ɗaya mai ƙiba ɗaya mai tabarau. Ba su sha wata wahala ba wajen bincike. Mai tabarau ɗin ya tsaya ne a matsayar tarago, ya dubi bango, ya ga sauran layin alli, ya ga ko ɗigo babu a ƙasa, ya san wannan ba aikin 'yan iskan unguwa ba ne. Ya juya bayansa, ga allon gidan burodi a tsallaken titi da haruffa masu irin wannan tsayuwa da irin wannan lanƙwasa. Ya tsallaka ya karanta sunan da ke kusurwa.

"Kai ne Dornseif?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Allon gidan burodin can, wa ya rubuta shi?"

"Sunan wa ka gani a jiki?"

"Tambayarka nake, tsoho."

"Duk abin da ya fita daga shagon nan aikina ne. Shekara talatin haka yake."

"Har da na bangon marina?"

Ottilie ta ajiye buroshin. Ta buɗe baki, har ta ce, "Ranka ya daɗe, ni..." Tsohon ya juyo mata da wata irin tsawa da ba ta taɓa ji ba duk zamanta da shi.

"Wa ya sa da ke? Tun yaushe 'yar koyo take magana manya suna magana? Wuce ki kwashe tokar murhu, shashasha." Ya juya ga mutanen. "Ku yi haƙuri. Abin da yaƙi ya bar mana ke nan. Shekara uku, ko layi ba ta iya ja ba."

Mai ƙibar ya yi dariya. Mai tabarau ya kama hannun kwat ɗin da ke rataye, ya duba farin da ke jiki, ya shinshina. Ya ce tsohon ya saka ta. Da Dornseif ya fito da hannunsa daga aljihu don ya zura, hannun yana ta karkarwa, maɓalli ya gagare shi.

"Yanzu ne hannunka yake rawa?" in ji mai ƙibar. "Jiya a kan tsani ai bai yi rawa ba."

"Jiya daban," in ji Dornseif.

Suka fita da shi. A bakin ƙofa mai tabarau ya waiwayo ya ce wa Ottilie, tunda shagonsu ne ya ɓata bangon, shagonsu ne zai gyara, ta ɗauki baƙin fenti ta bi su. Haka ta hau tsanin nan a gaban jama'a, ɗan sanda yana tsaye a ƙasa, ta shafe rubutunta da hannunta. Farin ya ƙi ɓoyuwa, sai da ta yi ta maimaita shafi. Tana yi hawaye yana zuba, ɗan sandan ya ɗauka tsoro ne, har ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ba ruwanta.

Daga can ba ta je gida ba, ta hau bene wurin Hermine. Matar tana zaune a kicin tana feraye dankali, an riga an gaya mata. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, ba su taɓa haihuwa ba.

"Uwargida, ni ce na rubuta."

"Na sani. Mutumin da ba ya iya kai cokali bakinsa ne zai hau tsani ya yi rubutu?"

"Zan je in gaya musu."

Hermine ba ta ɗago ba. "Ki je. Kina tsammani za su ce masa, yi haƙuri baba, koma gida? Ya yi musu ƙarya a fuska. Za su riƙe shi, su riƙe ki. Sannan su tambaye ki wa ya kama miki zaren, don zare ba ya kama kansa. Kuma za ki faɗa, kowa yana faɗa. Daga shi sai sauran 'yan Lahadin naku, ɗaya bayan ɗaya." Ta jefa dankalin cikin ruwa. "Uwarki kuma ta riga ta rasa ɗaya."

"To me zan yi?"

"Ki buɗe shago gobe. Akwai allon mai magani da ba a gama ba."

Ta buɗe. Ta gama allon mai magani, aka ƙi karɓa saboda sunan da ke kusurwa, ta dawo da shi. Sau ɗaya aka bar Hermine ta ga mijinta a kurkuku. Ottilie ta jira ta a bakin titi cikin sanyi, da ta fito ta tare ta.

"Me ya ce? Ya yi maganata?"

"Safa ya tambaya," in ji Hermine, ta wuce.

Kafin a kai ga shari'a ciwon huhu ya kashe shi a can ciki, hunturu bai ƙare ba. Jupp kuwa aka kira shi soja da bazara, ya dawo bayan yaƙi da ƙafa ɗaya, ya zama mai sayar da tikiti, kuma har ya mutu ba a ƙara jin ya ce Malama Fenti ba. Ottilie ba ta sake rubuta komai a bangon kowa ba. Wannan shi ne iyakar tsayayyarta, layi biyu da ba su kai yini a buɗe ba, ita ma haka take faɗa in an matsa mata.

Bom ya rushe shagon a shekarar ƙarshe ta yaƙin. Bayan yaƙi ta tsince tubala da hannunta ta tayar da rabinsa. Aiki kuwa sai wanda ta ƙi, don duk garin yana bukatar sababbin alluna, har waɗanda jiya suke ɗaga hannu sun zo a goge musu alamomin jam'iyya daga ƙofar shagunansu, ta goge, ta caje su da tsada. Da uwarta ta rasu sai ta ɗauko Hermine, wadda take raɓe a ɗakin wata ƙanwarta, ta kawo ta gidanta.

Sun zauna tare kusan shekara ashirin. Ottilie ce cefane, ita ce kwal, ita ce kuɗin likita. Hermine ba ta taɓa gaya mata baƙar magana ba, ba ta kuma taɓa gaya mata mai daɗi ba. Su ci abinci shiru, su saurari rediyo shiru. Wani mai gyaran famfo ya nemi Ottilie da aure, mutumin kirki, ta ce masa tana da tsohuwa a gida. Mu yara muna ɗauka uwarta ce. Ottilie kuwa a ranta kullum tana ganin ita ta kashe mutumin nan da zarenta da allinta, kuma ba ta san ko ya tafi yana tsine mata ba. Wannan rashin sanin ya fi komai cin ta.

Da Hermine ta kwanta ciwon ajali, Ottilie takan rufe shago da azahar ta hau ta ba ta miyar wake da cokali. Wata rana tsohuwar ta kawar da kai daga cokalin.

"Ottilie."

"Na'am, Uwargida."

"Ran da na je wurinsa. Ba safa kaɗai ya ce ba."

Ottilie ta tsaya da cokalin a hannu.

"Ya ce in gaya wa yarinyar kada ta ɗora wa kanta. Ya ce shi ya ga bangon da idonsa, ya koma shago da ƙafarsa, ba wanda ya tura shi. Ya ce da hannunsa yana aiki da shi zai riga ki. Ya sa na yi masa alkawari zan faɗa miki a ranar."

"Ba ki faɗa ba."

"Ban faɗa ba. Ina sane. Na fito na gan ki a tsaye da ƙuruciyarki da lafiyarki, shi kuma na baro shi yana tari. Na ce a raina, bari ta ɗauka, ni ma ai ina ɗauke da nawa." Ta yi numfashi. "Daga baya na so in faɗa, sai na ji tsoro. Na ce in kin ji ba ki da bashin kowa, me zai sa ki riƙe ni?"

Ottilie ta ajiye cokalin. Ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, ta kuma ji haushi ya taso mata, na shekarun da suka wuce da mai famfon da ta kora, duka a lokaci guda. Ta dubi tsohuwar, ba abin da ya rage sai ƙashi da idanu, tana jiran hukunci.

Ta ɗauki tsumma ta goge mata gefen baki.

"Buɗe bakin," in ji ta. "Miyar tana hucewa."